Yaron da na yi wa karatu ya juya mini baya, na rantse na daina taimako

Anti, assalamu alaikum. Ni matar aure ce, ma'aikaciya, ina da 'ya'ya uku. Yayana ya rasu ya bar yaro yana ƙaramar sakandare, ni na ɗauki nauyin karatunsa har ya gama jami'a. Akwai shekarun da na tauye 'ya'yana don in biya masa. Yanzu ya samu aiki mai kyau. Bara maigidana ya kwanta asibiti, abin hannunmu ya ƙare. Na yi ta kiran yaron nan bai ɗauka ba, na tura saƙo ya karanta bai amsa ba. Daga baya na ji yana gaya wa dangi wai na cika gori, ai ba shi ya roƙe ni ba. A ranar na rantse da Allah ba zan ƙara taimakon kowa ba. To, makon jiya matar da ke share mana ofis ta same ni da takarda daga makarantar 'yarta, za a hana yarinyar rubuta jarrabawar ƙarshe in ba a biya ba. Na ce mata ba ni da shi, alhali ina da abin da zai kai rabi. Tun ranar barcina ya ragu. Maigidana ya ce daidai na yi, mutanen yanzu ba a yi musu alheri. Na yi laifi? Kuma yaya zan yi da rantsuwata?

Wadda aka yi wa butulci

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ya jikin maigida? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya mayar muku da abin da kuka kashe.

Abin da yaron nan ya yi miki butulci ne, ba zan nema masa wani suna mai laushi ba. Kuma na san ba rashin kuɗin ne ya fi ci miki rai ba. Da ya ɗauki waya ya ce, "Gwaggo, wallahi ba ni da shi, amma ga ni nan zuwa in duba Baba," da yanzu ba ki rubuto mini ba. Abin da ya soke ki shi ne ganin alamar an karanta saƙonki kina zaune a bakin gadon marar lafiya, sannan kalmar nan ta "ba ni na roƙe ta ba". Maraya ɗan ƙaramar sakandare ai ba ya roƙo, bai ma san abin da zai roƙa ba. Kin ga buƙata kin tashi tun kafin a buɗe baki, darajar abin da kika yi ke nan, shi kuma ya ɗauki wannan darajar ya mai da ita hujjar gudunki. Duk wanda ya ce miki abin bai kai a yi fushi ba, ba a taɓa yi masa ba ne.

Amma matar da ta zo miki da takarda ba ta san yaron nan ba. Ba ta ci kuɗinki ba, ba ta ƙi ɗaukar wayarki ba. Ki tuna yadda ta zo. Irin waɗannan bayin Allah ba sa faɗo wa mutum da magana kai tsaye. Sai ta jira ofis ya yi shiru, ta sake goge teburin da ta riga ta goge, ta gaishe ki har sau biyu, sannan ta fito da takardar da ta ninke ta sake ninkewa har gefenta ya yi laushi. Kafin ta iso gabanki ta daɗe tana auna wanda za ta iya tunkara a cikinku ba tare da an dizga ta ba, kuma ke ta zaɓa. Hukuncin da kika yanke wa ɗan yayanki, a kanta da 'yarta ya sauka. Shi yana can yana karɓar albashinsa, rantsuwarki ba ta rage shi da komai ba. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka ban zarge ki da kika ja baya a ranar ba. Sai dai zuciyarki ta riga ni ba ki amsa, shi ya sa ta hana ki barci. Mai rowa na asali in ya ce babu, munshari yake yi har safe.

Akwai kuma abin da nake so ki tsaya ki duba da kyau, domin a nan na ga lissafinki ya karkace. Kina ganin shekarun da kika yi kina biya sun tafi a banza tunda bai gode ba. To me kika biya wa? Kin biya don ɗan yayanki kada ya watse, ya samu ilimi, ya iya riƙe kansa. Wanne ne bai tabbata ba a ciki? Yaron ya yi karatu, yana aiki, ba ya yawon maula, ba ya zaune a ƙofar wani yana jiran a miƙo masa. Matar da zai aura da 'ya'yan da zai haifa za su ci daga wannan karatu ko sun san sunanki ko ba su sani ba. Mahaifiyarsa, in tana raye, an sauke mata nauyi. Yayanki da ke kabari an rufa masa asiri. Mugun halin yaron bai isa ya goge ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Godiyarsa ce kaɗai ba ki samu ba, ita kuwa tun farko ba a hannunki take ba.

Dalilin da ya sa mutane ke yin irin abin da ya yi ba sabon abu ba ne, har bincike an yi a kansa. A shekarar 2003 wani masani mai suna Francis Flynn ya wallafa nazarin da ya yi a kan ma'aikatan wani kamfanin jiragen sama a Amurka, game da alfarmar da suke yi wa juna a wurin aiki. Ya gano cewa wanda aka yi wa alfarma yana ganin girmanta sosai a lokacin da aka yi masa, amma da tafiya ta yi tafiya sai ta riƙa ƙanƙancewa a idonsa. Wanda ya yi alfarmar kuwa akasin haka ne, da farko yana ganin ba komai ba ce, daga baya sai ta riƙa girma a ransa. To ki auna wannan da shekarun da ke tsakaninku. Ke kina tuna watan da kika hana kanki, shi yana tuna daren da ya kwana yana karatu, har ya fara gaya wa kansa cewa ƙoƙarinsa ne ya kai shi. Ga kuma nauyin da karɓa ke ɗora wa mutum. Wasu in suka samu wuri, ba sa son ganin fuskar da ta san lokacin da ba su da komai, sai su gudu, sannan su ƙirƙiro laifin da za su ɗora mata don gudun ya yi musu daɗi. Wannan bayani ne, ba uzuri ba ne. Na kawo shi don ki daina tambayar kanki ko ke ce wawuya.

Maganar gori kuwa, ɓangarenki kaɗai na ji, shi ya sa zan yi miki tambaya ɗaya da ke kaɗai za ki amsa wa kanki. A cikin saƙonnin da kika tura masa lokacin da hankalinki ya tashi, ko akwai wanda ya ƙunshi "duk abin da na yi maka"? Ko a shekarun baya, an saba ambaton kuɗin makarantarsa a gaban mutane? In babu, ƙarya ya yi miki, Allah ya isar miki. In akwai, to ɗan Adam ce ke, kuma a cikin tashin hankali kika faɗa, amma ki san kalmar tana da dafi. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma wanda aka taimaka yana jin gori ko a inda mai bayarwa bai nufa ba. A wani bincike da suka wallafa a shekarar 2000, Niall Bolger da abokan aikinsa sun bibiyi wasu ma'aurata da masu zaman tare, inda ɗaya daga cikin kowane biyu ke shirin jarrabawar zama lauya a New York. Taimakon da ya fi rage wa masu jarrabawar damuwa shi ne wanda abokin zamansu ya yi ba tare da sun lura an yi ba. Taimakon da ake nuna wa mutum yakan tuna masa cewa ya gaza.

Ina kyautata zaton akwai wata yarjejeniya da kika ƙulla a zuciyarki ba tare da kin furta ba, cewa yaron nan zai zame miki ɗa, ranar da kika shiga uku zai tsaya. Wannan fata ba laifi ba ne, haƙƙinki ne ma a kansa ta fuskar zumunci. Matsalar ita ce ke kin rubuta bashi a ranki, shi kuma ya karɓi kyauta. Daga yau, duk abin da zai fita hannunki ki yanke masa hukunci kafin ya fita. In rance ne, ki faɗa da baki, a sa lokaci, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu kunya a ciki. In kyauta ce, ki sallama ta gaba ɗaya, har da godiyar. Wanda ya tsaya a tsakiya, ya ba da kyauta yana jiran biya, shi ne kullum ake ƙona wa rai.

Batun rantsuwa, akwai wanda ya riga ki yin irinta, kuma abin da aka yi masa ya fi naki zafi nesa ba kusa ba. Sayyidina Abubakar yana ciyar da wani ɗan'uwansa matalauci, Misɗahu ɗan Usasa, wanda ya yi hijira kuma ya halarci Badar. Da munafukai suka yi wa Nana A'isha ƙazafi, sai ga Misɗahu cikin masu yaɗa maganar. Mutumin da ke ci daga hannunka, yana taya a ɓata sunan 'yarka. Bayan Allah ya wanke ta, Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba har abada. Wa zai ce bai yi daidai ba? Sai aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka, tana hana ma'abota falala da wadata rantsuwa a kan za su daina bai wa dangi da miskinai da masu hijira, tana cewa su yafe su kau da kai, tana tambaya ko ba sa son Allah ya gafarta musu. Abubakar ya ce wallahi yana son Allah ya gafarta masa, ya mayar wa Misɗahu abin da yake ba shi, ya ce ba zai ƙara yankewa ba. Ki lura, shi mutum ɗaya ya rantse a kansa, wanda ya cuce shi, duk da haka aka ce ya janye. Ke kuwa kin haɗa duniya gaba ɗaya a cikin taki rantsuwar.

Hanyar fita a buɗe take. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya rantse a kan wani abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta bayyana kaffarar: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Ki samu malamin da kika amince da shi ya yi miki bayanin ma'auni. Kin ga ko warware rantsuwar ma ta hanyar masu buƙata za ta bi.

Maigida kuma kada ki yi jayayya da shi. Mutumin da ya kwanta ciwo yana kallon matarsa tana kiran waya ana ƙin ɗauka, dole maganarsa ta yi ɗaci. Ku zauna dai wata rana ku lissafa waɗanda suka tsaya muku a wannan jinyar. Ba ki ambace su a wasiƙarki ba, amma tunda kun fito, akwai su: wanda ya ranta, wanda ya kai ku asibiti, wadda ta riƙe yara, wanda ya riƙe miki aiki a ofis. Ku duba ko nawa ne a cikinsu kuka taɓa yi wa wani babban abu. Sau da yawa sakayya ba ta biyo ƙofar da aka fitar da alheri, ta wata ƙofar take shigowa, mutum kuma ya kafa ido a ta farkon har ya kasa ganin an shigo. Su ma waɗannan mutanen yanzu ne.

Ban ce ki koma yadda kike a da ba, domin akwai abin da ban so ba a labarinki, wato tauye 'ya'yanki. Taimako yana da amfani ga mai yinsa, wannan an auna an gani. A wani bincike da suka wallafa a 2008, Elizabeth Dunn da abokan aikinta a Kanada sun ba mutane ambulan mai dala 5 ko dala 20, aka ce wasu su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani kafin yamma. Waɗanda suka kashe wa wani sun fi samun farin ciki, kuma yawan kuɗin bai canza komai ba. A 2003 Stephanie Brown ta Jami'ar Michigan ta fitar da sakamakon bibiyar tsofaffin ma'aurata 423 na tsawon shekara 5, inda mutuwa ta fi ƙaranci a cikin waɗanda ke taimakon dangi da abokai da maƙwabta. Amma ga ɗaya gefen. Richard Schulz da Scott Beach sun nuna a 1999 cewa tsofaffin da ke jinyar matansu ko mazajensu, kuma suke jin nauyin ya danne su, haɗarin mutuwarsu cikin shekara 4 ya ɗara na waɗanda ba sa jinyar kowa da kaso 63 cikin 100. Bayarwar da mutum ya yi da yardarsa kuma daidai ƙarfinsa tana raya shi, wadda ta fi ƙarfinsa tana cinye shi, sannan ta bar masa ɗacin da zai sa ya tsani bayarwar gaba ɗaya. Abin da ya same ki ke nan. Kin miƙa hannu har ƙarshe, da aka buge shi sai kika ƙunƙune shi gaba ɗaya, alhali aya ta 29 a Suratul Isra'i duka biyun ta hana. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) bai yarda ba, rabi ma bai yarda ba, sai sulusi, ya ce sulusin ma da yawa, barin magada cikin wadata ya fi a bar su suna roƙon mutane.

Don haka ki zauna da maigida ku ware wani kaso na abin da ke shigo muku duk wata, komai ƙanƙantarsa, wanda in ya tafi gidanku ba zai girgiza ba. Daga nan za ki riƙa bayarwa. In ya ƙare, ya ƙare, sai ki ce wa mai nema, "Ki yi haƙuri, abin da zan iya na wannan watan ya tafi." Wannan gaskiya ce, ana kwana da ita lafiya. Ina jin cikin abin da ke hana ki barci har da ƙaryar nan ta "ba ni da shi", domin ba halinki ba ce.

Ita kuwa matar, kada ki bari a kai wani makon, jarrabawa ba ta jiran a huce. Gobe ki kira ta gefe inda babu kowa, ki tambaye ta ranar da za a rufe biya da abin da ta riga ta haɗa. Ba sai kin yi mata dogon bayani a kan ranar nan ba, ki ce kin duba kin ga za ki iya kawo rabi, kuma kyauta ce, ba bashi ba. Sauran rabin, in ta yarda a yi maganarta, ki tunkari mutum biyu ko uku a ofis, kowa shi kaɗai, ki faɗi abin da ya rage. Kada ki jefa maganar a taro ko a zauren WhatsApp na ma'aikata, za ki tona mata asiri kuma ba lallai a samu komai ba. Tun 1968 John Darley da Bibb Latané suka nuna haka: ɗaliban da suka ji wani yana farfaɗiya ta na'urar magana, in suna zaton su kaɗai ke ji, kaso 85 cikin 100 sun tashi neman taimako, in kuwa suna zaton akwai wasu mutum 4 da ke ji, kaso 31 kacal suka tashi. Kowa sai ya bar wa wani. Wanda aka kira da sunansa aka ce ga abin da ake nema, da wuya ya zame. In ma kuɗin bai cika ba, ki taimaka mata ta rubuta wa makarantar takardar neman a karɓi rabi a ba ta lokaci, ko ki kira su da kanki. Sau da yawa muryar ma'aikaciya irinki tana buɗe ƙofar da ita za a bar ta tsaye a bakinta.

Bayan kin bayar, ki tsare kanki daga abubuwan da ke mai da alheri igiya. Kada gaisuwarku ta canza, kada ki fara aiken ta abin da da ba ki aiken ta, kada ki riƙa tambayar sakamakon yarinyar a gaban mutane. In ta yi godiya ki amsa a taƙaice ki kawo wata magana. In ba ta yi yadda kike zato ba, kin riga kin sallama.

Saura ɗan yayanki. Ba na so ki yanke zumunci, jinin yayanki ne, amma riƙe zumunci bai wajabta miki bin sa ko sake buɗe masa jaka ba. Ki daina kai ƙararsa wurin dangi, domin duk ƙarar da kika kai tana komawa kunnensa a matsayin shaidar gorin da yake zargin ki da shi. Ki tura masa saƙo ɗaya tak, wanda babu lissafin kuɗi a ciki, kamar haka: "Ɗana, na ji zafin rashin jin muryarka lokacin da Babanku ke asibiti. Ba kuɗinka nake nema ba. Abin da na yi maka don Allah na yi da kuma mahaifinka, ba na bin ka komai. Ƙofata a buɗe take." Sai dai kada ki tura shi sai ranar da kika tabbata kowace kalma a ciki gaskiya ce a ranki, ko da hakan zai ɗauki watanni. In ya amsa, ki bar shi ya gama magana kafin ki ce komai, wataƙila akwai wani ɓangare na labarin da bai iso gare ki ba. In bai amsa ba, kada ki tura na biyu, kada kuma ki aika masa da kowa.